Horar da yara kai hari a ƙwallon Amurka: kofi ake nema ko yaro?

Duk wanda ya taɓa kwance dilar gwanjo a kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni ya san rigunan nan masu faɗin kafaɗa da manyan lambobi gaba da baya. Muna sayar da su, yaranmu suna sawa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san wasan da aka ɗinka su dominsa. Shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a ruga da shi. Yau za mu tsoma baki cikin wata gardama da ta daɗe tsakanin masu horar da yara a can: yaya ya kamata a koya wa yaro kai hari?

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, wato kusan mita 9. In sun ci, a ƙara musu wasu huɗu. In sun kai ƙarshen fili, maki 6 ke nan. Kafin kowace dama sai a tsaya a zaɓi dabara. Mutum biyar su yi shinge a gaba, madugu a bayansu ya karɓi ƙwallo, ko ya miƙa wa mai gudu ko ya jefa.

To, a nan ne masu horarwa suke rabuwa. Wani ya kwaso dabarun manya da ya gani a talabijin, ya jibga wa ɗan shekara 9, yaro ya shiga fili bai san dama da hagu ba. Wani kuma ya duba wanda ya fi girman jiki da gudu, ya riƙa danƙa masa ƙwallo daga farko har ƙarshe. Wannan na biyun yakan ci wasa, domin yara ba sa girma tare. Amma sauran goman sun zama ƴan rakiya, shi kuma gwanin, ran da tsaransa suka kamo shi a tsawo, sai a tarar bai iya komai ba sai gudu.

A ganinmu dukansu biyu sun kauce hanya. Abin da ya dace shi ne dabaru kaɗan, a maimaita su har su zauna, kowane yaro ya san wanda zai tare da inda zai taka. Ko a wajen manya haka ne. Vince Lombardi, kocin Green Bay Packers, ya ci kofin ƙasa sau 5 tsakanin 1961 da 1967, kuma ginshiƙin harinsa dabara guda ce: biyu daga cikin masu shinge su zame gefe su buɗe wa mai gudu hanya. Abokan hamayya sun san tana tafe, amma tsayar da ita ya gagara, saboda yawan maimaici. Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin wannan: ba a miƙa wa sabon yaron shago littafin bashi ranar farko, awo da kirga canji ake fara koya masa.

Amurkawan da kansu sun gano matsalar. Ƙungiyar wasan yara ta Pop Warner, wadda aka kafa a birnin Filadelfiya a 1929, tana da doka cewa dole kowane yaro ya shiga fili wani adadin lokuta a kowane wasa, ko koci yana so ko ba ya so. A 2012 ta taƙaita karo da juna zuwa kashi ɗaya cikin uku na lokacin atisaye. A 2016 kuma ta soke bugun buɗe wasa ga ƙananan rukunai, domin a nan ne yara suke tahowa a guje su yi gware.

Dalilin waɗannan dokoki shi ne kan yaro. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da bincike kan yara ƴan shekara 6 zuwa 14. Ta gano masu wasan kayarwa suna shan bugu a ka ninki 15 na masu wasan ƙyalle, wato wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo maimakon a kayar da shi. Ke nan kocin da yake tura yaro guda cikin shinge sau da yawa a yini, da ƙwaƙwalwar ɗan mutane yake caca.

Wani zai ce ai iyaye kuɗi suke biya, nasara suke son gani, yaran ma ba sa son a ci su. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce a shiga fili don a sha kashi ba. Amma kofin ƴan shekara 10, wa zai tuna da shi baɗi? Abin da zai saura shi ne yaron da ya iya aikinsa, da wanda ya gudu daga wasan don bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.

Kada mu ɗauka zancen nesa ne. A 2022 hukumar NFL ta buɗe sansaninta na farko na neman matasa a Afirka, a ƙasar Gana, kuma wasan ƙyalle zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjelis. In wata rana wani ya zo neman ɗanka, tambaye shi abu uku: dabara nawa yake koyarwa, yara nawa suke taɓa ƙwallo, kuma me yake yi in yaro ya bugu a ka. In ya fara yi maka lissafin kofuna, riƙe ɗanka, ka sayar masa da riga kawai.