Filin Makanikai: Alamar Da Ke Jikin Fulawil

Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Wannan magana ta dace da aikin duk bakaniken da ya tashi sauya wa tsohuwar mota inji, musamman ƙaramar motar gudun nan ta Jamus, watau Porsche 914, wadda kamfanonin Volkswagen da Porsche suka haɗa hannu suka riƙa ƙerawa daga 1969 zuwa 1976.

Akasarin motocin nan sun fito ne da injin Volkswagen mai silinda 4. Kaɗan daga cikinsu, waɗanda ake kira 914/6, su ne aka sa wa injin Porsche 911 mai silinda 6, an kuwa daina yinsu a 1972. Saboda ƙarancinsu da tsadarsu, masu sha'awar tsoffin motoci a Turai da Amurka sukan cire ƙaramin injin su ɗora na 911. Inji yakan zauna daram, amma akwai wani tarko da ba a ganinsa sai aiki ya ƙare.

A cikin 911 inji a can baya yake, saboda haka da an ɗaga murfi za a ga fulin da ke jan fanbel, da alamomin taimin a bakinsa. Babbar alamar ita ce Z1, wadda ke nuna fistin na ɗaya ya kai ƙololuwar hawansa. A cikin 914 kuwa inji a tsakiya yake, kuma an juya shi gaba ya koma baya, har fulin ya fuskanci bangon ƙarfen da ke bayan kujerun zama. Ido ba ya kai wa gare shi. Dalili ke nan da ya sa aka zana wa 914/6 nata alamomin a jikin fulawil, watau faifan ƙarfen nan mai nauyi da kulochi ke kamawa, ana leƙensu ta wata 'yar kafa wajen mahaɗar inji da giyabos. To, wanda ya ɗaura fulawil marar alama, ko mai alamar wani inji dabam, ya rufe wa kansa ƙofa biyu ke nan.

Abin ba na wasa ba ne. Tilas filogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai sama, domin mai ya samu zarafin kamawa. A tsoffin injunan 911, idan inji na juyi 6,000 a minti, wutar kan riga fistin da digiri 30 zuwa 35. In ta makara, mota ta yi sanyin jiki ta riƙa shan mai. In ta yi sammako fiye da kima, inji ya kama ƙwanƙwasa, zafi ya hau, har fistin ya ƙone. Ga shi kuwa iska ce ke sanyaya injunan nan, ba ruwa ba. Fulawil mai haƙora 130, kowane haƙori kusan digiri 3 ne, watau kuskuren haƙori biyu ya isa ya jawo asara.

Maganin abin shi ne a yi zanen tun inji yana ƙasa. A juya shi da hannu har Z1 ta zo daidai da tsagar da ɓarin inji biyu suka haɗu. Sai dai alama shaida ce kawai, fistin shi ne mai gaskiya, gama mai yiwuwa fulin ma ba na injin ba ne. Saboda haka ƙwararru sukan ɗaura wani ɗan ƙarfe a ramin filogi na ɗaya, su juya inji a hankali har fistin ya taɓa shi, su yi alama, sannan su juya baya har ya sake taɓawa, su yi wata. Tsakiyar alamun biyu ita ce ƙololuwa ta haƙiƙa. A nan ake sara layi a jikin fulawil, a ƙara na digirin da littafin injin ya faɗa, a shafa musu farin fenti yadda fitilar taimin za ta haska su. A kuma tuna fistin na ɗaya yakan kai sama sau biyu kafin ya samu wuta sau ɗaya, don haka a duba bawul ɗinsa duka biyu a rufe suke kafin a daidaita na'urar raba wuta.

Har ila yau, ba kowane fulawil ke shiga kowane inji ba. Na kafin 1978 ƙusa 6 ke riƙe shi, na bayan nan ƙusa 9. Injin lita 3.2 na 1984 kuwa kwamfutarsa daga jikin fulawil take karanta inda fistin yake, in babu alamar da take nema ba zai ko tashi ba.

Aikin zanen nan bai fi na sa'a guda ba idan inji yana ƙasa. Wanda ya tsallake shi kuwa, ko ya yi ta lalube da kunne, ko ya sake sauke inji da giyabos. Rigakafi dai ya fi magani.