Hular Yatsa

Hausawa sun ce, kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ba wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar mai ɗinkin hannu. Allura tana da tsini, tana kuma da gindi. Tsinin shi ne ke huda tufa, gindin kuwa nan ne kafar da a ke zura zare ta ke. Yara da yawa suna tsammani tsinin kaɗai ne abin tsoro, amma ba haka ba ne. Gindin nan shi maɗinki ke turawa da yatsansa duk sa'ad da zai ratsa tufa da allura. In tufar mai kauri ce, kamar saƙi, sai allura ta cije, gindinta ya nutse cikin naman yatsa.

Don maganin wannan ne aka ƙago hular yatsa. Wata 'yar aba ce mai kamar ƙaramin ƙoƙo, wadda a ke kifawa a kan yatsa. A kan yi ta da baƙin ƙarfe, ko tagulla, ko azurfa, ko roba, ko fata. A jikin ta ƙarfe akwai 'yan ramuka birjik. Ba don ado aka yi su ba. Cikinsu ne gindin allura ke zama, don kada ya zame in an tura shi.

Mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe da sanin amfaninta. A ƙarni na 16 maƙeran birnin Nuremberg na ƙasar Jamus sun yi suna wajen ƙera ta da tagulla. A shekarar 1693 wani mutumin Holan mai suna John Lofting ya sami izinin yin ta da na'ura a Ingila. Da aka ga azurfa tana da taushi, har allura kan huda ta in an daɗe ana aiki, sai wani maƙeri Baturen Ingila, Charles Horner, ya yi dabara a shekarar 1884. Ya sa baƙin ƙarfe a tsakiya, ya rufe shi da azurfa ciki da waje. Ashe abin da manya suka ɓata lokacinsu suna gyarawa haka bai kamata yaro ya raina shi ba.

Ya kamata ko wane mai koyon ɗinki, namiji ko mace, ya fara sa hular yatsa tun ranar da aka fara miƙa masa allura. Dalilai uku ne.

Na fari, tana tsare lafiya. Hujin allura ƙarami ne, amma in ƙazanta ta shiga sai yatsa ya kumbura, ya yi ruwa, wani lokaci har ya zama ɗan karkare. Yaron da yatsansa ya kumbura ba ya iya ɗinki, ba ya kuma iya riƙe alƙalami a makaranta. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, tana tsare kayan mutane. Masu ɗinkin babbar riga a Kano da Zariya da Bida su kan yi watanni a kan riga guda, musamman in aska takwas ce. A ce an kusa gama aikin, sai allura ta huda yatsa, jini ya ɗiga a kan farar tufa. To, me maɗinki zai ce wa mai riga? Amana ce aka ba shi, tsare ta kuwa wajibi ne.

Na uku, tana kyautata aiki. Wanda ke tsoron allura ba ya tura ta da ƙarfin zuciya. Sai ɗinkinsa ya fito a karkace, wani dogo, wani gajere. Wanda yatsansa ke rufe kuwa hankalinsa kwance ya ke, hannunsa na tafiya daidai.

Waɗansu su kan ce, ai tsofaffin maɗinka da yawa ba sa sa kome, yatsunsu sun yi kanta. Gaskiya ne akwai irinsu, gwanaye ne kuwa. Amma kanta ba ta fitowa sai an sha wuya, kuma ita ma ba ƙarfe ba ce, siririyar allura ta kan ratsa ta. In mutum ya bar ɗinki ya ɗan jima sai ta tafi, ya koma shan wuya sabuwa. Waɗansu kuma su kan ce hular tana damunsu, tana hana su jin allura. Wannan ma gaskiya ne a kwanakin farko. Haka sabon takalmi ya ke ga ƙafar da ba ta saba ba. In aka daure, sai hannu ya saba, har mutum ya manta tana nan. Abin da ya sa a ke so a fara da ita tun da wuri ke nan, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wajen zaɓe, babban abin dubawa shi ne ta zo daidai da yatsa. Mai saye ya sa ta a yatsansa na tsakiya, na hannun da ya ke ɗinki da shi. Sa'an nan ya sunkuyar da hannun ƙasa, ya ɗan kaɗa shi. In ta faɗi, ta yi yawa. In ta matse har yatsa ya yi zafi, ta yi kaɗan. Yaro kada ya ari ta babansa ya cusa tsumma a ciki, ya nemi daidai da shi. Ya kuma duba ramukan, su kasance masu zurfi. Ya shafa bakinta, kada ya zama da kaifin da zai kama zare. Ya guji mai tsatsa, domin ta kan ɓata tufa. Mai doguwar farce ya yanke ta, ko ya nemi irin hular da samanta ke buɗe. Wanda bai sami ta ƙarfe ba kada ya zauna haka nan. Ya tafi wurin baduku a yanka masa 'yar fata mai kauri, a ɗinke ta daidai da yatsansa. Ta fata ta fi laushi, sai dai ba ta kai ta ƙarfe ƙarko ba.

Wajen aiki kuwa, babban yatsa da manuni su ne ke riƙe allura. Yatsan tsakiya yana lanƙwashe a bayanta, gindin allura na zaune cikin rami guda na hular. Da shi a ke tura ta, sa'an nan yatsu biyun nan su cafe ta ta ɗaya gefen, su ja zare. In an gama, a goge hular, a ajiye ta cikin ɗan gwangwani tare da allurai, don ƙaramin abu ba ya wuyar ɓata.

Kuɗin hular yatsa kaɗan ne, amma abin da ta ke tsarewa babba ne. Tufa in ta yage a kan yi mata ƙari, allura in ta karye a kan sayi wata. Yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Tambayoyi

1. Wane gefen allura ne hular yatsa ke tsare maɗinki daga gare shi?
2. Mene ne amfanin 'yan ramukan da ke jikinta?
3. Ta yaya mai saye zai gane ta zo daidai da yatsansa?
4. Me wanda bai sami ta ƙarfe ba zai yi?