Majalisar dattawan jiha: zaure biyu, aiki ɗaya

1/ Duk sanda majalisar dokokin wata jiha ta amince da kasafin gwamna cikin 'yan kwanaki ba gardama, sai ka ji wani ya ce wai da jihohinmu na da majalisar dattawa irin ta Amurka da ba a yi haka ba. Toh bari mu leƙa Amurkan da ake ta kafa mana hujja da ita. Ku biyo ni 🧵

2/ Jihohin Amurka 50 ne, 49 suna da zaure biyu: na wakilai da na dattawa. Ɗauki Texas: wakilai 150, sanatoci 31. Su wa waɗannan 31 ɗin suke wakilta waɗanda 150 ɗin ba sa wakilta? Babu kowa. Mutanen nan ne dai, an sake yanka musu mazaɓu manya.

3/ A da kam akwai bambanci, amma mummuna. Jihohi da dama gundumomi suke ba wa kujerun dattawa, ba ruwansu da yawan jama'a. A California, gundumar Los Angeles mai mutum sama da miliyan 6 sanata ɗaya gare ta, daidai da wata mazaɓar karkara da ba ta kai mutum 15,000 ba.

4/ A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan a shari'ar Reynolds da Sims, wadda ta taso daga Alabama. Ta ce duka zaurukan biyu dole a raba kujerunsu bisa yawan jama'a. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya tuna musu cewa ɗan majalisa mutane yake wakilta, ba bishiyoyi da filaye ba.

5/ Hukuncin ya yi daidai, amma ya bar majalisar dattawan jiha ba hujja. Ta tarayya ko ba komai tana daidaita jihohi, kowacce sanata 2. Ta jiha fa? Masu zaɓe ɗaya, jam'iyyu ɗaya. Ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

6/ Ga kuma illa. In zaurukan suka saɓa kan ƙudiri, sai a kafa kwamitin sasantawa, 'yan mutane kaɗan su keɓe su sake rubuta shi. Ka tambayi wakilinka ya ce sanatoci ne suka ɓata, sanata ya ce wakilai ne. Wa za ka kama?

7/ Wannan kwamitin Sanata George Norris ya yaƙa a Nebraska, har yana kiran shi zaure na uku. A 1934 jama'ar jihar suka zaɓi a koma zaure ɗaya. A 1937 'yan majalisa suka ragu daga 133 zuwa 43, kuɗin zaman majalisa ya sauka da kusan rabi. Yau su 49 ne, jihar kuma ba ta rushe ba.

8/ Na san za a ce ai zaure na biyu ke taka burki da shari'ar tsigewa. Eh, a 2009 dattawan Illinois sun cire Gwamna Rod Blagojevich da ƙuri'a 59 ba ko ɗaya da ya ƙi. Amma a 2023 wakilan Texas sun tuhumi antoni janar Ken Paxton da ƙuri'a 121 da 23, sanatocin jam'iyyarsa suka wanke shi. Burkin yana ci ne in jam'iyya ta ga dama.

9/ Dawo gida. A 1981 majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa na PRP. Kana ganin zaure na biyu daga masu zaɓe iri ɗaya zai cece shi? Yau kuma abin ya juya: gwamna ke nuna wanda zai samu tikiti. Ka ƙara zaure, ka ƙara masa 'yan amshin shata, ka ƙara wa talaka kuɗin motoci da alawus.

10/ Abin koyi a Nebraska shi ne kusan kowane ƙudiri sai an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a a fili. Mu nemi wannan. A wallafa yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a, da sunansa. A aiwatar da 'yancin kuɗin majalisun jihohi da aka sa wa hannu tun 2018.

11/ Kai da ke neman a ƙaro maka sanata a jiha, tsakani da Allah, ka san sunan ɗan majalisar mazaɓarka? Ƙudiri nawa ya kawo bana? In ka sani rubuta a ƙasa mu gani. In ba ka sani ba, nan ya kamata ka fara.