Amana Daga Ƙaramin Asusu Take Farawa

Sababbin shugabannin ƙungiyarmu sun dawo daga taron horaswa na kwana uku da aka keɓe su dominsa a bayan gari, kuma tuni wasu mambobi suka fara tambaya ko kuɗin da aka kashe ba yawon shaƙatawa kawai ya saya ba. Tambaya ce da ta dace, domin ɗalibin da ke fama da kuɗin haya da na makaranta yana da haƙƙin sanin inda gudummawarsa ta tafi. Amsarmu ita ce taron ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi.

Jawabai kan shugabanci nagari ba su ne ribar taron ba, don mun sha jin irinsu. Ribar tana cikin zama biyu. A na farko, ma'aji mai barin gado ya buɗe littafin asusu a gaban kowa, aka bi shi layi-layi, har rasit ɗin abincin walimar Sallah. A na biyu, waɗanda suka sha kaye a zaɓe suka zauna da waɗanda suka kayar da su, suka tsara ayyukan shekara tare. Kunyar a tuhume ka a kan kuɗi, da ɗacin yi wa abokin takara aiki, darussa ne da littafi ba ya koyarwa.

Su ne kuma cututtuka biyu da suka addabi siyasar gida. Sai a 2015 Najeriya ta ga shugaba mai ci ya amince da shan kaye. Sai a 2021 Nijar ta ga zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe, kuma a Yulin 2023 sojoji suka kifar da shi. Wanda bai iya barin kujerar sakataren ɗalibai cikin mutunci ba, yaya zai yi da ta gwamna?

Tarihi ya nuna ɗakunan ɗalibai a ƙetare ba wurin wasa ba ne. A Landan aka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925, wadda Kwame Nkrumah ya yi aiki a cikinta. A Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, haka ma Malam Aminu Kano, wanda har ya rasu a 1983 ba a san shi da tara abin duniya ba. Yanzu da dokar 2018 ta rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, wasu daga cikinmu sun riga sun kai munzalin tsayawa.

Ga sharaɗin namu. A riƙa wallafa lissafin kuɗin ƙungiya a wannan mujalla kowane zangon karatu, a fara da na taron kansa. A rubuta duk shawarar da kwamiti ya yanke, a buɗe ta ga mambobi. A tsayar da ranar miƙa mulki tun yanzu, kada a ɗaga ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mambobi za su sa ido.