Bahaushe Ne, Namiji Ne, Na Almasihu Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, daga Kano har bakin kogin Nilu, wai Bahaushe ba ya zama Kirista, in kuwa ya zama, to ya fita daga Hausa, ya kuma zubar da mazantakarsa. Maganar nan ƙarya ce. Abin baƙin ciki shi ne waɗansu maza masu bi sun haɗiye ta ba su tauna ba, har suna tafiya kai a sunkuye kamar waɗanda ake bi bashi.

Mai son ya ga rashin tushenta sai ya dubi Hausawan ƙasar Sudan, waɗanda ke zaune a ƙauyukan Jazira da kewayen Sinja. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a 1906, a garin da har yau ake kira Maiwurno. Waɗansu kuma hanyar hajji ce ta kawo su. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun kafin ƙarshen 1897. Mutumin da aka binne ubansa da kakansa a wurin sai aka kira shi baƙo. A 2022 kuma rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, aka rasa ɗaruruwan rayuka, aka kuma sāke jefa wa Hausawa tsohuwar kalmar nan, cewa su ba 'yan ƙasa ba ne.

To, Bahaushen Sinja ya san ɗacin a ce masa shi ba na nan ba ne. Ya san takarda ba ta iya kankare tarihinsa, bakin maƙwabci kuma bai isa ya mai da shi wani ba. In haka ne, da wane baki za a juyo a ce wa ɗan'uwan da ya gaskata da Yesu shi ba Bahaushe ba ne? Abin da mutum ya ƙi a yi masa, bai kamata ya ɗora wa ɗan uwarsa ba.

Tarihi ma ya ƙaryata maganar. Tun kafin zuwan 'yan mishan akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda girman da ya ba Annabi Isa, suka gudu zuwa Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin haske. Suka zauna a Gimi, ciwon barci ya cinye da yawa daga cikinsu, waɗanda suka ragu ba su ja da baya ba. Daga wannan jama'a da ta Wusasa aka sami Likita Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Aka sami John Tafida, wanda hannunsa ke cikin rubuta littafin Jiki Magayi. Littafi Mai Tsarki kansa ya fito da Hausa tun 1932. Wa zai tsaya ya ce waɗannan ba maza ba ne, ko kuwa ba 'yan Arewa ba ne?

Amma laifin ba na masu zargi kaɗai ba ne. Maza masu bi iri biyu ne suke ba ƙaryar nan abinci. Na fari shi ne mai fuska biyu: ran Lahadi yana da suna ɗaya, a kasuwa yana da wani, ya bar addu'ar gida da karatun Littafi ga matarsa, Zumuntar Mata ta cika majami'a shi kuwa yana gindin bishiya yana hira. Na biyu shi ne wanda ya ɗauka bin Almasihu yana nufin ya jefar da babbar riga, ya ji kunyar harshen uwarsa, ya daina zuwa gaisuwar mutuwa da suna a gidan dangi. Dukansu biyu sun yarda da hukuncin maƙiyinsu, cewa ba a haɗa Hausa da bangaskiya a ƙirji ɗaya.

Manzo Bulus bai yi haka ba. A cikin Filibiyawa sura 3 ya lasafta asalinsa da kabilarsa, ya nuna ba a kansu ya kafa begensa ba. Duk da haka a Ayyukan Manzanni sura 22, sa'ad da taro ya tasar masa a Urushalima, da harshen mutanensa ya yi musu magana, ya kuma kira su 'yan'uwa da ubanni. Tushensa yana cikin Almasihu, saboda haka bai ji tsoron asalinsa ba, bai kuwa yi masa sujada ba.

A kudancin Shuɗin Nilu ma akwai shaida. Mishan ta SIM ta fara aiki cikin kabilar Uduk a Chali a ƙarshen shekarun 1930. Da gwamnati ta kori 'yan mishan a 1964, mazan wurin ne suka ɗauki nauyin ikilisiya. Da yaƙi ya kore su zuwa Habasha a 1987, da bangaskiyarsu suka tafi. Dokar Sudan ta 1991 ta yanke kisa ga wanda ya bar Musulunci, ba a soke wannan sashe ba sai 2020. A irin wannan ƙasa, bin Yesu bai taɓa zama aikin rago ba.

Mazantakar Kirista a gida take farawa. Shi ne mai tara iyalinsa ga addu'a da asuba, mai riƙe mace ɗaya da aminci, mai cika mudu in yana awo, mai biyan bashi a kan lokaci. Shi ne na fari wajen ɗaukar gawar maƙwabcinsa Musulmi zuwa bakin kabari, in an yarda masa, yana kuma faɗin sunan Ubangijinsa a fili in an tambaye shi, ba da zagi ba, ba kuwa da rawar murya ba. Dattawan ikilisiya su koya wa samari wannan, su daina barinsu suna neman kansu a bakin mutane. Wanda Allah ya rubuta sunansa, ba ya jiran wani ya gaya masa ko shi wane ne.