Zuba jari a hannun mutumin kirki: amana kaɗai ta isa?

A Agege da Mile 12, har gobe hanyar juya kuɗi da aka fi sani ita ce a nemi ɗan kasuwa mai gaskiya da sanin kan harka, a danƙa masa jari, ya sayo shanu ko tumatur ko hatsi daga Arewa, a raba riba. Aliko Dangote ma da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa, gidan Dantata, ya fara a 1977. Mutumin aka duba, ba girman shagonsa ba.

Yanzu buƙatar ta ƙaru. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, kuɗin ajiya suna ta narkewa. Macuta suka samu ƙofa: CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi a 2016. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara, amma ɗauri ba ya dawo da kuɗi. Shi ya sa da yawa suka gwammace mutumin da suke gani kullum a masallaci da kasuwa, kuma suna da gaskiya.

Sai dai akwai rami a nan. Ƙaramar harka irin wannan, maigida shi ne komai: lissafi a kansa, masu ba shi kaya bashi shi suka sani. Ranar da ya kwanta ciwo ko rai ya yi halinsa, kuɗinka sun cakuɗe da gado. Magada na Katsina ko Sakkwato, kai kana Legas ba takarda ba shaida.

To, kafin ka ba da ko sisi, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ka zuba, kason kowa a riba, wa zai ɗauki asara. Ka tambaya ko harkar na da rajistar CAC da asusun banki daban da na aljihunsa. Ka duba ko akwai yaron da ya horar da zai riƙe ta bayansa. Wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata, ka yi hattara, kasuwa ba ta san haka ba.

Mai gaskiya ba ya jin haushin takarda. Idan ka kawo maganar rubutu ya ɓata rai, ka riƙe kuɗinka.