Korar baƙin haure daga gonakin Amurka: Wa zai yi girbin?

A ranar 12 ga watan Yunin 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya rubuta a shafinsa na Truth Social cewa manoma da masu otal-otal sun kawo masa kuka, wai tsauraran matakansa na shige da fice suna raba su da amintattun ma'aikatan da suka daɗe tare, waɗanda samun madadinsu zai yi wuya. Kwana biyu kafin nan, jami'an hukumar ICE sun kai samame wata masana'antar sarrafa nama a birnin Omaha na Jihar Nebraska, suka yi awon gaba da mutum sama da 70. A makon ne kuma aka ga leburori suna ranta a na kare cikin gonakin yankin Ventura na Jihar Kalifoniya. Nan da nan aka umarci jami'an da su dakata da shiga gonaki. Ba a cika mako guda ba aka janye umarnin.

Wannan kwan-gaba-kwan-baya ya wuce a ɗora shi kan halin mutum ɗaya. Gwamnatin ta hau mulki ne da alkawura uku: za ta tasa ƙeyar miliyoyin baƙin haure, za ta sauko da farashin abinci, kuma ladan ma'aikaci ɗan ƙasa zai ƙaru da zarar masu karya masa farashi sun tafi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da daɗin ji a dandalin yaƙin neman zaɓe. A gona ne suke karo da juna.

Alƙaluman gwamnatin Amurka da kanta sun nuna girman al'amarin. Binciken da Ma'aikatar Ƙwadago ke gudanarwa kan leburorin gona ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ake ɗauka aikin shuka da girbi an haife su ne a wajen ƙasar, galibi a Meziko, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba su da takardar izinin aiki. A garakan shanun madara, ƙungiyar masu sana'ar ta taɓa ƙiyasta cewa rabin ma'aikatan baƙi ne. Da yawansu ba jiya suka zo ba. Sun shekara goma ko ashirin, sun haifi 'ya'ya waɗanda dokar ƙasar ta ɗauke su 'yan ƙasa. Kalifoniya kaɗai, inda abin ya fi ƙamari, ita ke noma fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayan lambun ƙasar da wajen kashi uku cikin huɗu na 'ya'yan itatuwanta.

Arahar wannan ƙwadago tana da tarihi. Dokar da ta ba ma'aikatan Amurka 'yancin kafa ƙungiya a 1935 ta tsame leburan gona. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 ita ma ta tsallake shi, sai a 1966 aka shigar da ma'aikatan manyan gonaki, kuma har gobe dokar tarayya ba ta wajabta biyansu kuɗin ƙarin lokaci ba. Aikin da doka ta ƙi karewa kuwa, wanda ba shi da zaɓi ne ke yin sa. Mutumin da ba shi da takarda ba ya kai ƙarar mai gona idan an danne masa haƙƙi, ba ya ƙorafi kan zafin rana ko maganin feshi, domin ya san ƙarshen ƙorafinsa motar jami'an shige da fice ce. Tsoronsa na daga cikin abin da ke sauƙaƙa wa mai saye farashin tumatir a kanti.

Saboda haka masu goyon bayan korar suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa muddin akwai wanda zai karɓi lada kaɗan bisa tilas, mai gona ba zai ƙara kuɗi ba, ba zai kuma gyara yanayin aiki ba. Wannan gaskiya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zaton cewa idan baƙon ya tafi, ɗan ƙasa zai gaji aikin a kan lada mai tsoka. An jarraba hakan ba sau ɗaya ba, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta riƙa shigo da leburori daga Meziko bisa wata yarjejeniya da ake kira Bracero. An soke ta ne da niyyar ɗaga ladan 'yan ƙasa, lamarin da ya fitar da kusan mutum rabin miliyan daga gonaki. A 2018 masana tattalin arziki uku, Michael Clemens da Ethan Lewis da Hannah Postel, suka kwatanta jihohin da suka fi dogara da waɗannan leburori da jihohin da ba su taɓa amfani da su ba. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani a lada ko yawan aikin 'yan ƙasa ba. Abin da manoma suka yi shi ne komawa ga inji inda injin zai iya. Cikin 'yan shekaru kaɗan kusan dukkan tumatirin gwangwani na Kalifoniya ya koma hannun injin girbi. Inda babu inji kuma, sai aka rage noman abin.

Na baya-bayan nan ya fi ban takaici. A 2011 Jihar Jojiya ta kafa doka mai tsanani kan baƙin haure, leburori suka watse tun kafin ta fara aiki, kuma binciken da gwamnan jihar Nathan Deal ya sa aka yi ya gano guraben aikin gona wajen 11,000 babu masu yi. Aka gwada tura masu laifin da ke zaman ɗaurin talala su maye gurbin. Da yawa ba su kai la'asar ba suka ajiye bokiti. A shekarar ce kuma ƙungiyar manoman Arewacin Karolina ta nemi ma'aikata kusan 6,500, a lokacin da jihar ke da marasa aikin yi dab da rabin miliyan. 'Yan ƙasa 268 ne suka nuna sha'awa, 163 suka bayyana ranar farko, bakwai kacal suka kai ƙarshen kaka. Ba lalaci ya jawo haka ba. Aiki ne na 'yan watanni, a duƙe cikin rana, nesa da gari, kuma wanda ke da wata mafita ba zai zaɓe shi ba.

Batun farashi yana buƙatar natsuwa, domin ɓangarorin biyu suna ƙara masa gishiri. Tsadar ƙwai da ta addabi Amurkawa a farkon 2025, alal misali, murar tsuntsaye ce ta haddasa ta, babu ruwan samame. Haka kuma ladan lebura ɗan ƙaramin kaso ne na abin da mai saye ke biya. Farfesa Philip Martin na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan fage, ya nuna cewa daga kowace dala da aka kashe kan ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu, abin da ke isa hannun lebura bai wuce kimanin kashi goma cikin ɗari ba. Sauran na mai gona ne da sufuri da ajiya da dillalai da kantuna. A lissafin da ya yi da wani abokin aikinsa a 2020, ƙara wa leburori kashi 40 cikin 100 na ladansu ba zai ƙara wa magidanci fiye da kimanin dala 25 a shekara ba.

Ma'anar wannan lissafi tana da nauyi. Amurka za ta iya biyan masu yi mata girbi lada mai kyau ba tare da tukunyar kowa ta girgiza ba. Abin da ba za ta iya jurewa ba shi ne rashin hannu a makon da amfani ya nuna. Masara da alkama da waken suya suna da inji, ba su damu ba. Amma inibin ci da latas da 'ya'yan itace masu laushi sai da hannu, kuma ba sa jiran a kammala muhawara a majalisa. Saniya ma sai an tatse ta sau biyu ko uku a kowace rana ta Allah. Gonar da ta yi asarar kaka ɗaya ko biyu, ko dai ta koma shuka abin da inji ke girbewa, ko ta ƙaura. Tuni fiye da rabin ɗanyun 'ya'yan itacen da ake ci a Amurka da wajen kashi ɗaya cikin uku na ɗanyun kayan lambu daga waje suke shigowa, kaso mai yawa daga Meziko. Wato mutumin da aka kora daga gonar Kalifoniya yana iya komawa ya tsinke irin wannan tumatir a ƙasarsu, a kan ladan da bai kai na da ba, a ɗoro shi a mota a kawo wa wanda ya kore shi.

Hanyar halal da doka ta tanada ita ce bizar H-2A ta aikin gona na wucin gadi. Guraben da ake amincewa da su a ƙarƙashinta sun tashi daga ƙasa da 50,000 a 2005 zuwa sama da 370,000 a 2023. Mai gona ne ke ba da masauki da kuɗin mota, ya kuma biya ladan da gwamnati ta ƙayyade don kada a karya na 'yan ƙasa. Tana da naƙasu biyu: ba ta shafi aikin shekara cur irin na garken madara ba, kuma ta ɗaure lebura ga mai gida ɗaya, wanda idan suka saɓa, zamansa a ƙasar ya ƙare. A watan Yulin 2025 Sakatariyar Noma Brooke Rollins ta ce babu afuwa ga kowa, burin gwamnati shi ne ma'aikata 'yan Amurka zalla tare da injuna. Wata uku bayan haka, a Oktoba, Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da sabuwar ƙa'ida inda ta amsa da bakinta cewa tsayawar kwararar baƙin haure da tsananta kame suna barazana ga wadatar abinci da farashinsa, kuma 'yan ƙasa ba za su cike giɓin ba. Maganin da ta kawo shi ne rage ladan da ake biyan masu bizar H-2A. Manufar da aka tallata da sunan ɗaga ladan lebura ta ɓuge da sauke shi.

Ba da takarda ga waɗanda ke ƙasa shi ma ba maganin ƙarshe ba ne. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta halasta zaman mutum kimanin miliyan 2.7, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu leburorin gona. Da yawa suna samun takarda suka bar gona suka nemi aiki mai sauƙi, wasu sababbi marasa takarda suka maye gurbinsu, hukuncin da aka tanadar wa masu ɗaukar su kuma ya zama na jeka-na-yi-ka. Sai dai ko wannan gazawar tana nuni ga abu guda, wato yanayin aikin ne ke korar duk wanda ya sami hanya.

Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce a wannan darasi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Dubban ɗaruruwa suka fita, ciki har da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da mazauna zango-zangon da wasunsu a can aka haife su, gonakin koko kuma suka rasa leburorin da suka dogara da su. Akwai wasu dalilan da suka durƙusar da kokon Ghana, musamman ƙarancin farashin da hukuma ke biyan manomi, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 Kwaddibuwa, wadda ta buɗe ƙofa ga leburorin maƙwabta, ta karɓe matsayi na ɗaya a duniya. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da kuɗin mai ya ja baya, ta kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Ghana. Tattalin arzikin bai farfaɗo ba. Jakar da ake kira Ghana Must Go ce ta rage.

A yau ma gonakin Najeriya suna cin guminsu: 'yan ci-rani daga Nijar a fadamun Arewa, leburori daga Benin da Togo a gonakin koko da rogo na Kudu maso Yamma. Akasarinsu ba su riƙe da komai sai yardar mai gona. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza na kwana 90, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025, kuma ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku mataki ne da ƙungiyar ta ce na wucin gadi ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Najeriya, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ita ma ta tsame masu aikin kaka irin na gona, kamar yadda ta Amurka ta yi a 1938. A ƙasar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma matsalar tsaro ke sa kiran a rufe iyaka ya riƙa tasowa, ba wuya wata rana takardar neman korar baƙi ta iso teburin wani darakta a Abuja.

Kafin ranar ta zo, ya kamata Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ta Noma da ta Ƙwadago su zauna tare su san yawan waɗannan ma'aikata, da jihohin da suke, da amfanin gonar da ya rataya a wuyansu. Ya kamata a samar musu da rajista mai sauƙi da araha a kan iyaka, wadda ke bin mutum ba mai gona ba, ta yadda jami'an tsaro za su san wanda ya shigo, shi kuma lebura ya iya kai ƙara idan an cuce shi. Ya dace kuma a yi wannan magana da Yamai kai tsaye, tun kafin wa'adin wucin gadin ECOWAS ya ƙare.